A Jikin Wa Ɗalibin Likita Zai Yi Kuskurensa na Farko?

Babu likitan da aka haifa da iya huda jijiya. Duk wani gwanin da ake jin sunansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, akwai ranar da ya fara riƙe allura hannunsa na karkarwa, ya soka bai dace ba, ya zare ya sake sokawa. Haka ma ungozomar asibiti, da ma'aikacin jinya, da jami'in lafiyar karkara. Aikin hannu ba ya koyuwa sai da kuskure, kuskuren asibiti kuwa a jikin mutum yake sauka. Tambayar da ya kamata kowace makarantar lafiya ta amsa ita ce: a jikin wa?

A tsarin da aka gada, amsar a fili take. Ɗalibi yakan ga na gaba da shi ya yi aiki sau ɗaya ko biyu, daga nan sai a miƙa masa kayan ya gwada a kan wanda ke kwance. Wanda ke kwancen nan da wuya ya zama mai halin zuwa asibitin kuɗi a Abuja. Galibi manomi ne da ya taso daga ƙauye, ko mai naƙudar da ta kwana biyu a gida kafin a kawo ta, ko yaron da gudawa ta tsotse. Ba su iya bambance ɗalibi da ƙwararre, tunda kowa farar riga ya sa, kowa kuma "likita" suke ce masa. Ba a tambaye su ko sun yarda a koya a jikinsu ba, da an tambaye su ma kunya da ganin girman asibiti ba za su bari su ƙi ba. Talaka ne yake biyan kuɗin koyon da kowa zai amfana da shi daga baya, da fatarsa yake biya.

Mutum-mutumin gwaji an ƙirƙiro shi ne domin ya karɓi wannan kuskuren na farko. Iri-iri ne. Akwai hannun roba mai jijiyoyi da jan ruwa a ciki, wanda ake koyon ɗibar jini da sa allurar ƙarin ruwa a kansa. Akwai ƙirji da kai na koyon danna zuciya da hura numfashi. Akwai ƙugun mace da jaririn roba na koyon karɓar haihuwa. Akwai na koyon sa robar fitsari, da robar ciyarwa ta hanci, da ɗinkin rauni. Akwai kuma cikakken mutum mai haɗe da kwamfuta, yana numfashi, yana nishi, bugun zuciyarsa na sauyawa gwargwadon maganin da aka ba shi. Dukansu aikinsu ɗaya da na allon makaranta: a rubuta, a kuskure, a wanke, a sake, har hannu ya faɗa kafin a taɓa takarda. Tela ma ba ya ba yaron shagonsa shaddar mutane ranar farko, a takardar buhun siminti yake fara koya masa yanka.

Dabarar ta girmi lantarki

Masu ganin cewa wannan kayan ƙawa ne na ƙasashen da suka ƙoshi sun manta inda abin ya faro. A shekarar 1759 Sarkin Faransa Louis na 15 ya ba wata ungozoma mai suna Angélique du Coudray izinin zagaya ƙasar tana koyar da karɓar haihuwa, saboda yawan mata da jariran da ke mutuwa a karkara. Ɗalibanta matan ƙauye ne, da yawansu ba su iya karatu ba, don haka littafi kaɗai ba zai wadatar ba. Sai ta haɗa ƙugun mace da ƙyalle da fata, ta ɗinka jariri mai cibiya, ta sa kowace ɗaliba ta zura hannu ta juya jaririn da ya zo a karkace, ta maimaita har ta iya. Ta shafe sama da shekara 20 tana wannan yawo, ta horar da dubbai. Har yau ɗaya daga cikin waɗannan kayan yana ajiye a gidan tarihi a birnin Rouen.

A shekarar 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a garin Stavanger na ƙasar Norway, Åsmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, mutum-mutumin da aka yi ta koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya a kansa a faɗin duniya. A 1968 Dakta Michael Gordon na Jami'ar Miami ta Amurka ya nuna Harvey, wanda ke kwaikwayon sautukan zuciya mai ciwo domin ɗalibi ya horar da kunnensa. Kayan sun yi ta sauyawa daga ƙyalle zuwa roba zuwa kwamfuta, amma hujjar tana nan yadda ungozomar Faransa ta bar ta: abin da ake bukata cikin gaggawa, a hannu ya kamata ya zauna tun kafin ranar bukatarsa.

Me ya sa zancen ya shafi Mafara da Bakura da Maradun

Ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda madatsar ruwa ta Bakolori ta haɗa su a noma da kasuwa, suna tsakanin manyan asibitoci biyu: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ta gabas, da asibitin koyarwa na Sakkwato ta yamma. A takarda, duk abin da ya gagari babban asibitin Talata Mafara ko na Bakura ko na Maradun sai a tura shi gaba. A aikace, turawar tana bukatar mota da mai da hanya mai aminci. Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida kan halin da yankin ya shiga: an sace 'yan mata 'yan makaranta a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun a farkon Satumba. A irin wannan wuri, mai jinya da dare ba kasafai yake samun wanda zai yarda ya hau hanya da shi ba. Ma'aikacin da ke bakin aiki a daren, shi ne asibitin koyarwar.

Ko da hanya lafiya lau take, akwai larurorin da ba sa jira. Kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma yana bukatar wani taimako kafin ya fara numfashi, kuma ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a fara hura masa iska cikin minti ɗaya na farko idan tsane shi da shafa bayansa ba su sa ya yi kuka ba. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Babu motar da za ta kai Gusau cikin minti ɗaya.

Alƙaluman sun nuna nauyin abin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya gano cewa a Arewa maso Yamma kusan haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti. Wannan adadi na biyu yana da wata ma'ana ga ɗalibi da ba a cika lura da ita ba. Idan mafi yawan haihuwa mai sauƙi a gida ake yin ta, to abin da ke isowa asibiti ya fi karkata ga wanda ya riga ya rikice: naƙuda mai tsawo, jijjiga, mabiyiyar da ta ƙi fita, jinin da ya ƙi tsayawa. Ɗalibar ungozoma sai ta ci karo da mai wuya kafin hannunta ya saba da mai sauƙi. A irin wannan lokaci kuma babu babban da zai tsaya yana koyarwa a hankali. Ture ɗalibi gefe ake yi a ceci rai. Sai ta gama makaranta ta ga abin sau da yawa da ido, ba ta taɓa yin sa da hannu ba, sannan a tura ta ƙaramin asibitin da ita kaɗai ce.

Shi ya sa maganar ta wuce ɗaliban likitanci da ke shafe shekara shida a Sakkwato ko Zariya ko Kano. Ta haɗa da ɗaliban kwalejin jinya da ungozoma ta Gusau, da na kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe, domin su ne mafi yawan hannayen da mutumin Faru ko na Rini zai fara haɗuwa da su.

Abin da aka gwada aka gani

A shekarar 2010 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su yi numfashi, domin ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki. Jigon shirin jaririn roba ne mai suna NeoNatalie. Ruwa ake ɗura masa ya yi nauyin jariri, ba ya bukatar lantarki, malami ne ke matsa 'yan robobi da hannu ya sa ƙirjinsa ya motsa ko cibiyarsa ta buga. Ɗalibi yana koyon abubuwan da baki ba ya iya koyarwa: yadda ake ɗan ɗaga haɓar jariri hanyar iska ta buɗe, yadda ake dafe murfin jakar hura iska a kan hanci da baki kada iska ta zurare ta gefe, yadda ake kallon ƙirji a tabbatar yana tashi, da abin da za a gyara idan bai tashi ba.

An gwada shirin a asibitoci takwas na ƙasar Tanzaniya, aka wallafa sakamakon a 2013. Mutuwar jarirai a cikin awa 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Adadin waɗanda ake rubutawa a matsayin an haife su babu rai ma ya ragu da kashi 24 cikin 100, domin wasunsu da ransu, numfashi ne kawai ba su fara ba.

Darasin da ya fi wannan amfani ya fito ne daga asibitin Haydom, a karkarar arewacin Tanzaniyar. Can masu bincike suka lura cewa bayan bitar yini ɗaya ma'aikata sun ƙware a kan jaririn roba, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai sauya ba. Sai aka canza salo. Aka ajiye jaririn robar a inda ake aiki, aka mayar da atisayen na 'yan mintoci, ana yin sa a kai a kai. A nan ne mutuwar jarirai a yinin farko ta sauko daga kusan 11 cikin 1,000 zuwa kusan 7. Kayan bai canza ba, yawan taɓa shi ne ya canza.

A ɓangaren iyaye mata, misalin na gida ne. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An yi amfani da wata leda mai ma'auni da ke tara jinin mai jego a gane yawansa da wuri, sannan a haɗa matakan magani a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da dubawa a gano inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Yabon na ledar ne da haɗin magungunan, amma mutum uku ba sa iya yin abu biyar cikin 'yan mintoci ba tare da sun yi karo da juna ba sai in sun sha gwadawa tare, kuma atisaye a wurin aiki yana cikin abin da aka shirya wa ma'aikatan.

Ƙorafin da ke da tushe

Akwai manyan likitocin da ke cewa roba ba nama ba ce, kuma gaskiyarsu. Jijiyar hannun roba a fili take, ba ta gudu. Jijiyar yaron da tamowa ta kama ko amai da gudawa suka busar kuwa siririya ce, ta lafe, ga uwa tana kuka a gefe. Mutum-mutumi ba ya jin tsoro, ba ya ɓoye cewa ya sha jiƙo kafin ya zo, ba shi da mijin da za a lallasa kafin ya yarda a yi aiki. Ɗalibin da ya tsaya a roba zai iya fita da jin kai wanda ya fi iyawarsa. Sai dai wannan ƙorafi yana nuna iyakar kayan ne kawai. Wanda hannunsa ya riga ya san yadda ake riƙe allura da kusurwar da ake sokawa, hankalinsa ya samu sararin kula da yaron da uwarsa. Wanda bai sani ba, hankalinsa duka yana kan yatsunsa. Gadon majinyaci shi ne makaranta ta ƙarshe, ɗakin gwaji share fagenta ne.

Akwai kuma damuwar addini, wadda ba a raina ta a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Musulmi ya san tsananin hani kan sassaƙa surar mai rai. Amma malamai sun daɗe da bambance abin da aka yi don girmamawa da abin da aka yi don koyo. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Alƙali Iyal, malamin Malikiyya mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, yana cikin waɗanda suka bayyana cewa an yi rangwamen ne domin 'yan mata su saba da renon yara. Galibin kayan gwajin ma gaɓa ɗaya ce, hannu ko ƙugu ko ƙirji. A ɗaya gefen kuma fiƙihu ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da iyawa ba, ya kuma tsananta kan tsare al'aura. Matar da ɗalibai biyar za su yi layi su koyi gwajin mahaifa a jikinta ta fi kowa bukatar a ce sun fara koya a wani wuri. Kyakkyawan mataki shi ne makarantu su gayyaci malaman garinsu su ga kayan da idonsu, su ga abin da ake yi da su, kafin jita-jita ta riga su.

Ƙorafi na uku kuɗi ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Mutum-mutumi mai kwamfuta yana cin dubun-dubatar daloli, yana son lantarkin da ba ya yankewa, da sanyi, da injiniyan da zai gyara shi. Shi ne kuma ya fi kyau a hoton ranar ƙaddamarwa. Masu nazarin ilimin likitanci sun sha nuna cewa a yawancin ayyukan hannu na farko, tazarar da ke tsakanin wanda ya koya a kaya mai tsada da wanda ya koya a mai araha kaɗan ce. Hatsarin kaya mai tsada shi ne tsoron lalata shi. Sai a kulle shi a sito, mabuɗi yana aljihun mutum ɗaya, a fito da shi ranar da masu tantance makaranta suka zo, a kakkaɓe ƙura, su tafi a mayar. Hannun robar da fatarsa ta yi raga-raga da huji ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace a yi

Mataki na farko ba ya bukatar kasafi mai yawa, doka ce ta cikin gida. Kowace makarantar lafiya ta ƙayyade ayyukan da ɗalibi ba zai yi wa majinyaci ba sai malami ya sa hannu cewa ya ga ya yi su daidai a kan mutum-mutumi: allurar ƙarin ruwa, robar fitsari, robar hanci, hura wa jariri iska, danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. Jarrabawar aikin hannu ta tasha-tasha, wadda Ronald Harden ya fito da ita a Dundee a 1975 kuma hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya take amfani da ita, ta riga ta share hanya. Abin da ya rage shi ne kada ɗalibi ya fara ganin kayan a makon jarrabawa.

Na biyu, darasin Haydom. Ɗakin haihuwa na manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun kowanne ya samu kusurwa guda mai jaririn roba da jakar hura iska da ƙugun gwaji irin MamaNatalie, wanda malama ke ɗaurawa a cikinta ta saki jan ruwa kamar jini. A ware minti goma lokacin miƙa aiki tsakanin masu safe da masu yamma, a rubuta wanda ya yi a littafi. Ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki su shiga layi ɗaya da manyansu. Ƙananan asibitocin karkara kuma sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya riƙa zagayawa da kayan a tsakaninsu.

Na uku, a sa kuɗin gyara a kasafi tun ranar saye, domin fata da jijiyar roba ƙarewa suke yi. Wasu kayan ma ba sai an yi odarsu ba. Na ungozomar Faransa ƙyalle ne da fata, ƙasar Hausa kuwa ba ta rasa teloli da dukawa ba. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tana da jami'ar jihar da aka kafa a 2018. Matashin koyon ɗinkin rauni ko ƙugun gwaji na ƙyalle bai fi ƙarfin aikin kammala karatun ɗalibansu ba, in ungozomomi suka zauna da su suka nuna musu abin da ake so.

Na huɗu, malamin. Amfanin ɗakin gwaji yana cikin tattaunawar da ke biyo bayan kuskure: me ka gani, me ka yi, me ya sa ƙirjin bai tashi ba, sake gwadawa. Idan tsawa da kunyatarwa suka biyo ɗalibi har cikin wannan ɗaki, zai koyi ɓoye kuskure, wanda shi ne mafi munin abin da ma'aikacin lafiya zai iya koya.

Mutanen yankin Bakolori ba sa yanke hukunci kan asibiti daga rahoton hukuma. Daga bakin maƙwabciya suke ji: sau nawa aka soki ɗanta kafin a samu jijiya, ko jaririn da ya fito shiru an yi masa wani abu ko an naɗe shi kawai an ce sai haƙuri. Labari ɗaya irin wannan yana iya hana unguwa guda zuwa awo. Rai da ajali na Allah ne, amma iya riƙe jakar hura iska aikin makaranta ne, kuma ana iya koyon sa a kan jaririn da aka ɗura wa ruwa, sau ɗari in an so, ba tare da wata uwa ta yi kuka ba.